Inda Aka Ajiye Tsohuwar Makka

Duk wanda ya taɓa sauke farali ta hannun hukumar alhazai ya san akwai wani zango na tafiyar da ba a koyar da shi a wajen bita. Shi ne bayan an sauko daga Mina, an yi ɗawafin ifada, an koma tufafin gida, sai zaman jiran jirgi. Wani a kira shi da wuri, wani ya share makonni yana leƙen takardar da ake mannawa a ƙofar masauki. Guzuri ya ja baya, tari ya zaga kowane ɗaki, jaka an auna ta an sake aunawa. A wannan zaman alhajinmu hanya biyu ya sani, ta Harami da ta kasuwa. Ya yi asuba ya dawo ya kwanta, da hantsi ya gangara Shara Mansur ko wajen masu zinariya, ya taya jallabiyar da ya riga ya sayi irinta.

Ni malamin bita ne daga Katsina. Aikina in koya wa maniyyata yadda ake ɗaura harami da abin da ke ɓata shi, in an isa can kuma in zama wurin kawo tambaya, tun daga hukuncin wanda ya manta zagaye nawa ya yi har zuwa inda ake samun tuwo. A irin wannan zaman jiran ne na saba tara waɗanda suka yarda, mu yi karo-karo mu ɗauki ƙaramar mota, mu nufi gidajen tarihi. Da yawa in na kawo maganar sai su dube ni. Gidan tarihi kuma a Makka? Ai Makkar ce tarihin.

Da gaskiyarsu, amma da saura. Makkar da muke gani yau sabuwa ce fil. In ka ɗauke Ka'aba kanta da 'yan rumfunan Turkawa masu ƙananan ƙubbobi da ke gefen filin ɗawafi, kusan duk abin da idonka zai sauka a kai wasu alhazan namu sun girme shi. Faɗaɗa masallacin na farko a hannun gidan Sa'ud an fara shi ne a 1955, kuma tun daga nan ba a ajiye diga ba. Unguwanni sun tafi, duwatsu an baje su. Kafin wancan aikin, mai sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ta cikin kasuwa yake ratsawa, shaguna dama da hagu, yana addu'a ana ciniki a gefensa. Abin da aka ciccire a tsawon shekarun nan, wani ya salwanta, wani kuwa an ɗauke shi an kai wani ɗaki an adana. Waɗannan ɗakunan nake kai mutane.

Wanda na fi so yana Ummul Jud, a kan tsohuwar hanyar Jidda, wurin da hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta keɓe don kayan ginin masallatan. An buɗe shi a 1420 ta Hijira. Zaure bakwai ne, ba wani girma gare shi ba, wanda ba ya tsayawa karanta bayani cikin rabin sa'a zai fito. Ni kuwa ban taɓa yarda a fito da wuri ba, ko da direba na danna oda a waje.

Abin da ya fi saurin ɗaukar ido wata matakala ce ta katako, doguwa, mai ƙafafun turawa a ƙasa, an ƙawata ta da sassaƙa tun daga gindi har sama. An yi ta a 1240 ta Hijira, wajen 1825 ke nan, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado a Sakkwato. Amfaninta a fili yake ga wanda ya lura da ƙofar Ka'aba: ba a ƙasa take ba, ta ɗaga kimanin mita 2 daga daɓe, tun ginin da Ƙuraishawa suka yi kafin a aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. To duk ranar da za a buɗe Ɗakin, sai a turo matakala a jingina, mai riƙe da mabuɗi daga zuriyar Banu Shaiba ya hau ya buɗe. Har gobe mabuɗin a hannun wannan gidan yake.

Can ciki kuma ga ƙofar kanta, wadda aka cire. Ita ce aka ƙera bisa umarnin Sarki Abdul'aziz a 1363 ta Hijira, wato 1944, an lulluɓe ta da azurfa an shafe da ruwan zinariya. Ta zauna a jikin Ka'aba har 1979, sannan Sarki Khalid ya sa aka yi wadda ke nan yanzu, da zinariya tsantsa kimanin kilo 280. Kafin su duka akwai ta Sarkin Turkawa Murad na Huɗu, ta 1045 Hijira, wadda ta yi sama da shekara 300 tana aiki. Ita tana babban gidan tarihi na Riyad.

Ina son in ga fuskar mutane a gaban wannan ƙofa ta 1363. A Harami ba ka samun tsayawa ka dubi ƙofar Ka'aba da kyau, turereniya ba za ta bar ka ba, kana ɗaga kai an riga an wuce da kai. Nan kuwa ga ta daidai idonka, da zobbanta, da rubutunta, launin ya ɗan dusashe. Ita Sardauna ya tarar da ya yi Hajjinsa na farko a 1955. Ita ce a jikin tsofaffin hotunan nan da iyayenmu suka rataye a zaure. Wani dattijo manomi daga ƙauyukanmu, wanda mahaifinsa ya je tun zamanin mulkin farar hula na farko, ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce da ni, "Malam, ke nan wannan ce Baba ya gani, ba waccan ba?" Na ce ita ce, Alhaji. Ya ce, "Allahu akbar. Kullum ina ɗawafi ina cewa ga abin da Baba ya kalla." Sai ya miƙa hannu zai shafa, mai gadi ya ɗaga murya daga nesa, "Mamnu', ya Hajji!" Ya janye hannun yana murmushi.

A nan ina tare da mai gadin. Nakan gaya wa mutanena tun a mota cewa ba ibada za mu je ba. Babu ladan da shari'a ta ɗora wa shafar tsohuwar ƙofa, kuma da za a bar kowa ya shafa, da tuni hannaye sun cinye rubutun. Kallo muka zo yi da tunani.

Abin da ya fi komai tsufa a gidan shi ne wanda aka fi wucewa ba a kula ba, don ba ya walƙiya. Wani ginshiƙi ne na itace, baƙi-baƙi, ya tsattsage. Ɗaya ne daga cikin ukun da suka riƙe rufin Ka'aba daga ciki tun ginin Abdullahi ɗan Zubairu a shekara ta 65 bayan Hijira, bayan Ɗakin ya ƙone a lokacin da rundunar Yazidu ta yi wa Makka ƙawanya. Ɗan Zubairun nan jikan Sayyidina Abubakar ne, ɗan Asma'u. Itacen da aka kafa a zamaninsa ya yi sama da shekara 1,300 yana ɗauke da rufi, har babban gyaran da aka yi wa Ka'aba a 1996 zamanin Sarki Fahad, sannan aka sauke shi aka sa sabo. Almajirin da ya karanta labarin ɗan Zubairu a littafi, in ya tsaya gaban wannan itace, karatun nasa yakan zauna daram.

Sai zauren Zamzam. A nan ne nake gane yadda zamani ya raba mu da asalin abubuwa. Alhajin yau Zamzam a wurinsa famfo ne, ko waɗannan manyan kuloli da aka jera a Harami da kofunan roba, ko jarka mai lita 5 da ake ba shi in zai koma gida. A Ummul Jud an ajiye tsohon bakin rijiyar, da shingen ƙarfen da ya kewaye shi, da ƙarfen da igiya ke bi ta kansa, da gugan tagulla. Wata Hajiya da ta haura saba'in ta leƙa, ta juyo ta ce, "Malam, ashe da guga ake ja?" Na ce da guga, Inna. Ta ce, "To, waɗanda suka shayar da alhazai a da sun sha aiki." Ita da ta yi rayuwarta tana jan ruwa ta san abin da take faɗa.

Rijiyar tana nan inda take, kimanin mita 20 gabas da Ka'aba, zurfinta wajen mita 30, sai dai tana ƙarƙashin daɓen da muke ɗawafi a kai. A da ɗaki ne a kanta. A shekarun 1960 aka rushe ɗakin don a buɗa wa masu ɗawafi, aka mayar da wurin sha ƙarƙashin ƙasa ana sauka ta matakala. Waɗanda suka je kafin 2003 sun san wannan saukar, daga baya ita ma aka rufe. Yanzu injina ke zuƙo ruwan, a kai shi unguwar Kudai a tace a ɗura. Raba shi kuwa sana'a ce ta gado a Makka. Akwai gidajen da ake kira Zamazima, iyayensu da kakanninsu su ne masu yawo da tulunan ƙasa masu tsinin gindi suna shayar da baƙin Allah.

Kada a wuce zauren hotuna. Tun 1880 wani hafsan Masar, Muhammad Sadiƙ Bey, ya ɗauki hoton Makka, wani likita ɗan garin mai suna Abdulgaffar ya biyo baya a cikin shekarun nan. A tsofaffin hotuna za ka ga filin ɗawafi ɗan ƙarami, gidaje masu tagogin katako sun leƙo daga kan duwatsu, sannan wasu 'yan rumfuna a kewayen Ka'aba. Waɗannan su ne muƙaman mazhabobi huɗu. Kowace mazhaba da limaminta da wurin tsayuwarta, mu Malikawa da namu. Haka Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tarar da masallacin da ya je a 1921, ta jirgin ruwa, bayan ya biya ta Ingila. Sai a cikin shekarun 1920, da Sarki Abdul'aziz ya karɓi garin, aka haɗa kowa bayan liman ɗaya. Nakan nuna wa matasanmu masu zafin gardamar ƙabalu da sadalu wannan hoton, ba na ƙara komai a kai.

In ka dubi yadda masallacin ya zauna a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, za ka gane dalilin da ya sa ambaliya ta zama tsohuwar abokiyar gabar Makka. Ta 1039 Hijira, wato 1630, har ta rusa bangon Ka'aba, shi ya sa Murad na Huɗu ya sake gina ta, kuma ginin nasa ne a tsaye yau. A ta 1941 ne wani yaro ɗan Bahrain ya yi ɗawafi da iyo, hotonsa ya zaga duniya.

Maƙwabcin wannan gida shi ne masaƙar rigar Ka'aba, wadda ake kira Kiswa. Ba gidan tarihi ba ne a suna, wurin aiki ne, amma ana karɓar baƙi in an nemi izini tun da wuri, yanzu ma ta intanet ake nema. Shekaru aru-aru daga Masar rigar ke zuwa, a ɗauro ta a raƙuma da kaɗe-kaɗe da rakiyar soja. A 1927 Sarki Abdul'aziz ya buɗe masaƙa a unguwar Ajyad, aka yi ta yi ana komawa ga ta Masar har 1962, daga nan Saudiyya ta riƙe aikin gaba ɗaya. A 1977 aka tare a wannan ginin na Ummul Jud.

Mahaifina ɗinkin babbar riga ya yi har idonsa ya gaza, don haka nan ne wurin da ni ake jira in fito. Baƙin ƙyallen da muke hangowa kamar fili ne, ashe ba fili ba ne. Alharini ne da aka rina, kuma a cikin saƙar kanta akwai kalmomin tasbihi, baƙi a kan baƙi, sai ka matso haske ya faɗa a kai za ka gan su. Shi ƙyallen inji ke saƙa shi yanzu. Tsawon rigar mita 14. Amma ɗamarar nan mai ruwan zinariya da ta kewaye Ɗakin, mai tsawon mita 47 da faɗin santimita 95, wadda ake haɗawa daga ƙyalle 16, da labulen ƙofa, waɗannan har yau da hannu ake yin su.

Ga yadda na ga ana yi. An ɗaure ƙyallen tamau a kan wani dogon katako, an riga an fitar da zanen ayoyin a jikinsa. Maɗinka na zaune a jere, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashi. Da fari sai a cika cikin kowane harafi da zaren auduga, a yi ta ɗorawa har ya yi tudu. Sannan a kawo zaren azurfa da aka shafe da zinariya, siriri ƙwarai, a riƙa kwantar da shi a kan tudun, layi na manne da layi, ana kama shi ta gefe da wani zaren, har audugar ta ɓace. Shi ya sa harafin ke tasowa daga jikin rigar har ya yi inuwa. Sama da kilo 100 na wannan zare ke shiga riga ɗaya. Tsarin aikin irin na gidanmu ne sak: a wajen aska takwas ma mai zane daban ne, yawanci malami mai kyan hannu, shi zai fitar da fasalin a jikin riga, maɗinki ya bi da allura wata da watanni. Na tsaya bayan wani dattijo mai tabarau, na ga yadda yake gyara kwanciyar zaren da farcen babban yatsa ba tare da ya duba ba. Ban yi masa magana ba, don na san mai wannan aiki ba ya son a katse shi.

Shekara guda ake yi ana aikin, a ɗora, a fara wata. Waɗanda suka saba jin cewa ranar Arfa ake canja rigar su sani an sauya tun 2022, yanzu daren ɗaya ga Muharram ake yi. Tsohuwar kuma a yanyanka ta a ba manyan baƙi da gidajen tarihi. Saboda haka in wani ya tare ka a lungu da ɗan baƙin ƙyalle a leda ya ce guntun rigar Ka'aba ne, riyal hamsin, ka riƙe kuɗinka.

Daga Ummul Jud in aka ci gaba da bin tsohuwar hanyar Jidda zuwa wajen Shumaisi, kusa da Hudaibiyya inda aka yi sulhun nan a shekara ta 6, akwai wani wuri na daban, gidan tarihin Al-Amudi. Wannan ba na hukuma ba ne, mutum ɗaya ne ya tara kayan ya gina musu gida irin ginin da. Babu tsarin masana a cikinsa. Takobi na kusa da tsohuwar rediyo, rediyo na kusa da namun dajin da aka cusa wa auduga, can ga sirdin raƙumi, ga tsabar kuɗin da aka daina karɓa. Alhazan Indunusiya da Malesiya sun fi kowa saninsa. Motocinsu ke cika wurin, su sa kayan Larabawan ƙauye, su riƙe bindiga su yi ta ɗaukar hoto suna dariya.

Mai ilimin tarihi zai iya taɓe baki, amma ban taɓa kai mutanena wurin da suka sake kamar nan ba. A sauran wuraren ni ke bayani, a nan su ke yi mini. Wannan ta ce ga dutsen niƙa, wancan ya ce ga salka, ga akushi, ga fitilar ƙwai, ga dutsen guga na gawayi, ga ma'aunin hatsi. Wata ta ɗaga murya ta kira 'yar'uwarta, "Yaya, zo ki ga turmi!" Mutumin da tun saukarsa Jidda bai ga komai ba sai gilashi da marmara da matakala mai tafiya da kanta, har ya fara ɗauka Larabawa da kuɗi aka haife su, sai ga shi gaban shaidar cewa kakanninsu ma sun yi niƙa a durƙushe, sun sha ruwan salka mai warin fata. Man fetur ɗin da ya canja komai sai a 1938 aka same shi. Wani alhaji ya ce da ni a hanyar dawowa, "Malam, ashe su ma jiya-jiyan nan suka fita." Kuɗin shiga kuwa riyal kaɗan ne.

Akwai masu ce mini wannan yawo ɓata lokaci ne. Hujjarsu mai ƙarfi ce: salla ɗaya a Masallacin Harami ta fi dubu ɗari a waninsa, to me zai kai mutum kallon tsohon guga? Ba na jayayya da falalar. Abin da nake cewa shi ne a zaɓi lokaci. Tsakanin hantsi da azahar babu farillar da za ta kuɓuce, kuma lokacin nan ne dai ake kashewa a shagon masu agogo. Ban taɓa jin wanda ya kawo hadisin dubu ɗari don ya hana kansa zuwa sa haƙorin Makka ba.

Sauran wuraren zan bi ta kansu da sauri. A can ƙolin dogon benen agogo, mai tsawon mita 601, an buɗe gidan tarihi a 2019 a hawa huɗu na sama. Labarin rana da wata da taurari ne, da yadda mutane suka riƙa auna lokaci, abin da zai amfani duk mai sha'awar lissafin lokutan salla da tsayuwar wata. An ƙawata shi ƙwarai, tikitinsa kuma ba na mai ragowar guzuri ba ne. Yawancin masu hawa barandar suke so, inda ake hango Harami daga sama, Ka'aba ta koma 'yar mitsitsiya, masu ɗawafi kamar ba sa motsi. Ni wannan kallon bai kwanta mini ba, kuma na ga dattawan da suka ƙi hawa sam, suka ce ba za su tsaya a saman Ɗakin Allah ba. Ga kuma abin da ba kowa ke tunawa ba: inda benen yake, dutse ne a da, a kansa akwai ganuwar Ajyad da Turkawa suka gina tun ƙarni na 18. A 2002 aka rushe ta aka baje dutsen, har gwamnatin Turkiyya ta yi ƙorafi.

A gindin Jabalun Nur kuma an buɗe wata cibiya ta Hira a 2023, mai baje kolin labarin saukar wahayi, daga baya aka ƙara gidan tarihin Alƙur'ani. Fasahar zamani ce, haske da sauti da manyan alluna. Amfaninta a wurina shi ne an yi kwatancin kogon a ƙasa, don haka nakan lallashi tsofaffi masu ciwon gwiwa su gani a nan su haƙura da hawan dutsen, wanda dama ba ya cikin aikin Hajji. Sai fadar Zahir, wadda aka soma ginawa a 1946 don saukar baƙin sarki, ta zama makaranta, daga baya ta koma gidan tarihin Makka. Ginin dutsen kansa abin kallo ne, akwai kuma duwatsu masu tsohon rubutun Kufi. A tambaya ko a buɗe take kafin a biya kuɗin mota.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ban gani ba. A duk inda na shiga na ga kyautar sarakuna, na ga sunan Turkawa da Misirawa, ban ga ɗakin da aka keɓe wa waɗanda suka zo da ƙafa daga ƙasashenmu ba. Alhali kuwa suna cikin waɗanda suka yi garin. Makka gari ne na baƙin da suka zo suka zauna, sunayen gidajenta ma sun isa shaida: Bukhari, Banjar, Fallata, Barnawi, Hausawi. Kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hausawi, haifaffen Makka ne. Ka shiga Misfala ko Hindawiyya ko Shara Mansur da yamma, za ka ji Hausa tana tashi ta kowane lungu, ta sabon zuwa da ta wanda kakansa ne ya zo.

Hanyar da suka biyo sananniya ce. Daga Kano ko Katsina a bi ta Barno, a ratsa Wadai, a shiga Darfur, a wuce El Fashir da El Obeid, a tsallake Nilu, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan a shiga jirgin ruwan katako zuwa Jidda. Ba tafiyar wata ɗaya ko biyu ba ce. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, ko a yi ƙodago a gonakin audugar Jazira da Turawa suka buɗe a 1925, a tara abin da za a ƙara gaba. Wani ya bar gida da jariri ya isa da yaro mai kiwo. Wasu sun mutu a hanya, wasu an sace musu 'ya'ya an sayar, wasu da yawa suka zauna a Sudan da niyyar gobe za su ƙarasa, har jikokinsu suka zama 'yan can. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a zuwa gabas, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu har yau da sunansa ake kiransa. Sai a 1948 ne su Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da abokansu suka kafa kamfanin WAPA a Kano, aka fara jigilar alhazai a manyan motoci, daga baya jirgin sama ya karɓa. Unguwar 'yan canji ta Fagge sunan wannan kamfani ta gada.

Ban ga laifin Saudiyya sosai a nan ba. Kowa tarihin gidansu yake tarawa, namu kuwa mu ne ba mu tara ba. Kayan suna nan warwatse a gidajenmu: tsohon fasfon alhazai mai hatimin zangon Fort Lamy, 'yan gwangwanayen Zamzam da ake liƙe bakinsu da dalma, akwatin ƙarfen da aka rubuta sunan mai shi da fenti, 'yar na'urar nan ta roba da yara ke kanga ido suna dannawa hotunan Makka da Madina na wucewa. A ɗakin kakata ta wajen uwa akwai wata wasiƙar ajami da ƙanenta ya aiko daga El Obeid, yana cewa yana nan lafiya, ya sami aikin ɗiban ruwa, in damina ta wuce zai ƙara gaba. Ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Da kakar tamu ta rasu, saura kaɗan a haɗa ta da tsofaffin takardu a ƙone.

Irin waɗannan kaya ɗaki ɗaya ya ishe su, ba sai an yi gini ba. Gidan tarihin Katsina yana cikin tsohon ginin Kwalejin Katsina, Kano na da Gidan Makama, kuma jihohi da yawa suna da sansanin alhazai mai ɗakunan da ke rufe yawancin shekara. Waɗanda suka yi tafiyar mota ta Sudan suna yara, 'yan kaɗan ne suka rage, duk sun tsufa, ana bukatar wanda zai zauna da su da na'urar ɗaukar magana tun ƙwaƙwalwarsu na riƙe da sunayen zango-zango. Na kai wannan magana gaban wasu jami'ai a wani taron bita. Suka ce shawara ce mai kyau, in rubuto a takarda. Na rubuta na kai, na kuma ajiye kwafi.